Gida Mai Taya: Kwana 15 a Gandayen Dajin Amurka

Shekara 35 ke nan ina bisa hanya. Albasa nake ɗaukowa daga Galmi zuwa Kumasi, tun ina yaron wani ina kwana a kan buhuna a bayan kamyo, har Allah ya sa na tsaya da ƙafata na koma gidan gaba kusa da direba. Saboda haka ran da babban yarona ya ce mini a waya, "Baba, in kun zo bana zan fita da ku yawon daji, mu yi mako biyu muna kwana a mota," dariya na yi har da tari. Na ce masa, "Wato in tsallake teku don in je in kwana a mota? Ai abin da na yi ta yi ke nan don kai kada ka yi." Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Ku dai zo ku gani."

Masu karatu za su yi mini uzuri, ba zan ambaci sunansa ba, ɗan fari ne. Tun da ya haihu nake ce masa Baban Hafsa, kafin nan kuwa "kai" ce kawai ko "wannan yaron". Shekararsa 12 a Amurka, yana aikin jinya a wani asibiti, yana zaune a Aurora kusa da birnin Denba a jihar Kolorado. Ni da Hajiya muka je masa a watan Yunin 2024, muka yi Babbar Sallah tare, kwana shida bayan Sallah muka kama hanya. Kuma ban je hannu rabbana ba, da magana na tafi. Gwiwoyina sun fara yi mini gardama, likita ya ɗora ni kan maganin hawan jini, ƙannensa duk mata ne suna gidajen mazajensu. Ga rumfa a kasuwa, ga gida a Aboabo, ga abokan hulɗa na shekaru daga Galmi har Bawku. So nake in ce masa ya dawo ya riƙe. Tun a filin jirgi maganar ke bakina, na kasa fitar da ita.

Motar da ya yi haya su RV suke kiranta. Ni dai gida mai taya na sa mata. Tsawonta kamar mita 9 ne, gabanta irin na motar ɗaukar kaya, bayanta kuwa ɗaki ne sosai: gado babba a ƙurya da ƙofarsa, murhun gas, firiji, wurin wanke kwanuka, ban-ɗaki da shawa wanda in ka miƙa hannu biyu za ka taɓa bangonsa duka, tebur da ake naɗewa ya zama gado, da wani gadon a saman kan direba da ake hawa da tsani. Da lasin ƙaramar mota ake tuƙa ta, ba ta neman na babbar mota. Haya kusan dala 200 ce kowane dare, ban da kuɗin nisan da aka yi. Mai kuwa kamar raƙumi take sha: lita 100 da kyar take kai ka kilomita 400. Duk lokacin da ya tsaya gidan mai sai in juya kuɗin zuwa sidi a kaina, in sake juya shi zuwa sefa, in ga buhun albasa nawa ya tafi, har Hajiya ta ce, "Alhaji, ka bar lissafin nan, ba aljihunka ba ne."

Matsalar farko ba ta kuɗi ba ce, ta kunya ce. Mu shida ne: ni, Hajiya, shi, matarsa, da jikokina biyu, Hafsa mai shekara tara da takwarana mai shekara shida da suke ce wa Abba. A gida surukata ba ta ɗaga ido ta dube ni, ni ma ba na cin abinci inda take. To ga mu an kulle mu cikin akwati guda. Hajiya ce ta raba gardama: mata uku suka ɗauki ɗakin baya, ni da takwarana muka hau gadon sama, shi kuma ya kwana a gadon tebur. Aka rataya zane tsakani. Kwana biyun farko baiwar Allah nan har numfashi a hankali take yi, in zan wuce sai ta manne da firiji. A rana ta uku mota ta shiga gargada tana miƙo mini shayi, rabin kofin ya kife a rigata, takwarana ya fashe da dariya, ita ma ta kasa riƙewa. Daga nan abin ya ɗan yi sauƙi. Ban ce kunya ta tafi ba, amma an samu inda aka ajiye ta.

Ranar farko mun hau arewa muka shiga jihar Wayomin. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne yadda muka wuce daga wata jiha zuwa wata babu ko sanda a gicce, sai allo kawai. Ku da kuka san hanyarmu, daga Galmi zuwa Konni, Dogon Dutsi, Dosso, Yamai, Torodi, Kancari, Fada, Kupela, Bitu har ka faɗo Bawku, kun san adadin wuraren da ake ɗaga hannu, ga duwan, ga jandarma, ga 'yan sanda, kowa da nasa littafin, albasa kuwa tana can tana gumi a rana. A tafiyar nan mun yi kusan kilomita 4,000, ya fi zuwa Galmi da dawowa Kumasi, babu mahalukin da ya tsayar da mu ya ce ina takardu, in ban da ƙofofin gandun daji. Can ma kati guda ake nunawa, wanda a lokacin dala 80 ne, yana shigar da motarka da duk wanda ke ciki kowane gandun ƙasa har shekara guda.

Amma fa hanyar ba ta da mutane. Sai ka yi tafiyar awa guda ba ka ga ɗan Adam a ƙasa ba, ba mai shayi, ba mai tsire, ba yarinya da farantin gyaɗa a ka, ba masallacin gefen titi da randa a ƙofarsa. Fili fetal, gajerun ciyayi masu toka-toka, iska kuma tana kaɗa motar kamar za ta kifar da ita. In taya ta fashe a hanyarmu kafin ka sauko mutum biyar sun taru. A nan sai waya, wayar ma wurare da yawa babu sabis.

A wani ƙaramin gari muka tsaya shan mai, lokacin azahar ya yi. Na ɗauki buta da darduma na nufi gefen fili kamar yadda na saba a kowace tasha. Sai ya biyo ni da sauri, ya rage murya ya ce, "Baba, da dai ka yi a cikin mota." Na ce saboda me? Ya ce, "Ba mu san garin ba." Raina ya ɓaci ƙwarai. Na yi sallah a tashoshin Burkina da na Gana a gaban kowa, ban taɓa ɓoyewa ba, yau ɗana ne zai ce in shiga ɗaki? Na shiga dai na yi, tsakanin firiji da tebur, goshina na gogar ƙafar kujera. Na yi tafiyar wajen awa biyu ban tanka masa ba. Sai daga baya na lura da abin da yake yi a duk inda muka tsaya: shi ke fara sauka, ya dubi hagu da dama, ya gaida mai wurin da fara'ar da ta fi tasa ta gida, sannan ya ce matarsa mai hijabi ta sauko. Babu wanda ya taɓa yi mana ko kallon banza a tafiyar duka, in faɗi gaskiya. Amma na gane shekara 12 ke nan yana wannan dube-duben, ni kuma ina Kumasi ina cewa yaro ya je ya huta.

Alƙibla ma sai da muka yi musu. Ni na san gabas, na fuskanci inda rana ke fitowa. Ya nuna mini waya ya ce a wannan yankin alƙibla arewa take, ta ɗan karkata gabas kaɗan. Na ce wayarka ta rikice. Sai Hafsa ta ɗauko lemo ta ɗiga masa alama biyu da biro, ta ja zare tsakaninsu ta saman lemon, ta yi mini bayani da Turancinta mai gudu wanda rabinsa kawai na kama. Na ce, "Amarya, kin ci wannan shari'ar." Kasaru muka yi ta yi, tunda babu inda muka yi niyyar kwana huɗu. Lokutan kuma abin mamaki: rana ba ta faɗuwa sai wajen tara na dare, isha'i ta kusa sha ɗaya, kafin huɗu kuma alfijir ya keto.

Mun ratsa ƙasar Wind River, inda aka keɓe wa ƙabilun Shoshoni da Arapaho, mutanen asalin wurin, muka hau wata mashiga ta tsauni da ta kusa mita 3,000. A nan na fara jin numfashina yana yankewa, kaina na sarawa. Ya tsayar da mota, ya ɗaura mini na'urar awon jini a hannu, ya ce in riƙa shan ruwa, in daina saurin tafiya. Karo na farko ke nan da na ga hannunsa yana aikinsa, kuma a jikina. Daga can muka gangara muka hango duwatsun Teton, tsaye cak ba su da 'yan rakiya a gabansu, mafi tsawonsu mita 4,199, ga dusar ƙanƙara a kawunansu a tsakiyar bazararsu. Hajiya ta yi ta salati.

Wurin kwana su ma zango ne, ba shi da wani suna a wurina. Kakanninmu masu ayarin goro zuwa Gwanja haka suke sauka, kuma daga nan sunan unguwanninmu na Gana ya samo asali. Sai dai nasu zangon ba a faɗa masa da sallama. Wata shida kafin tafiya ya kama mana wuri ta intanet, kowace mota da lambar gurbinta, da teburinta, da murhun wutarta. Ƙarfe goma na dare kowa ya yi tsit, janareta ma yana da sa'o'in da aka yarda a tada shi. Wasu zangunan akwai wuta da famfo da za ka jona, wasu babu, sai abin da ka zo da shi.

Abin da ka zo da shi kuwa tanki uku ne, kuma rayuwar motar duka a kansu take. Ɗaya na ruwa mai kyau, kamar lita 150. Ɗaya na ruwan wanke-wanke da wanka. Na ukun na masai. Mutum shida masu alwala sau biyar, ga wankin shinkafa, ga yara masu sakin famfo, ran farko kafin magariba allon ya nuna ruwa ya kusa ƙarewa. A nan ne tsohon ɗan kamyo ya yi rana. Na kafa doka: alwala da buta, a waje, buta guda ta ishi mutum biyu, kwano a goge shi da takarda kafin a wanke, wanka a jiƙa jiki a kashe famfo. Ruwan da ke ƙarewa a yini ya koma yana kai mu kwana biyu da rabi. Takwarana ya zama sarkin buta, kuma ita ce kalmar Hausa ta farko da ya riƙe da kyau a tafiyar. Kafin nan "sannu" da "na gode" kaɗai gare shi.

Juye tanki na uku shi ne aikin da ba a sa wa a hoto. Akwai wuri na musamman a bakin zango, rami mai murfi a ƙasa. Ka sa safar hannu, ka ɗaura wani ƙaton tiyo a ƙarƙashin mota ka murɗa shi ya kama, ɗayan bakin a ramin, ka ja marikin na masai tukuna, in ya gama ka ja na ruwan wanke-wanke ya ɗauraye tiyon. Na ga ya yi sau ɗaya, na ce wannan ai ba wani abu ba ne, karo na biyu na ce ya bar mini. Ban murɗa tiyon ya kama ba na ja mariƙi. Sauran bayani na bar wa mai karatu. Wando da takalmi dai ba su dawo Kumasi ba, kuma ran nan dokar ruwan da na kafa ni na fara karya ta.

Wani dattijo Bature da ke layi bayanmu ne ya sauko ya taya mu wanke wurin, yana dariya yana cewa duk mai irin motar nan sai ya yi wannan sau ɗaya. Da yamma ya zo gurbinmu, Hajiya ta zuba masa dafa-duka da soyayyen naman layya, yaji ya sa shi hawaye amma ya cinye. Ashe tsohon direban tirela ne. Da ɗan Turancin kasuwata da taimakon yarona muka yi hirar birki da gangara da barcin da ke ɗaukar direba gab da asuba, kamar mun shekara tare. Ya ce shi da matarsa sun sayar da gidansu, motar ce gidansu yanzu, da sanyi su gangara Arizona, da zafi su hauro arewa. 'Ya'yansu uku, kowanne a jiharsa, sai Kirsimeti ake haɗuwa. Da ya tafi na ce wa Hajiya, "Kin ga tsufan banza, ba gida, ba jika a tsakar gida." Ta dube ni ta ce, "Shi duk shekara yana ganin nasa. Kai rabonka da naka shekara huɗu." Ban sami amsa ba.

Yellowstone shi ne uban gandayen. A 1872 aka kafa shi, zamanin shugaba Ulysses Grant, shi ne gandun ƙasa na farko a Amurka, faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 9,000. Mun sauka a zangon Fishing Bridge, inda ba a yarda da tanti ba sam, sai mota mai bango mai ƙarfi, saboda beyar. Dabba ce ƙatuwa mai gashi da farata, hancinta kuma ya fi na kare. Doka ita ce kada a bar komai mai ƙamshi a waje, ko sabulu, ko kwanon da aka ci abinci. To mu da muka zo da bokitin naman layya, da daddawa, da busasshen kifi? Hajiya ta naɗe daddawar nan cikin leda uku ta tura can ƙasan firiji, ta ce in dai hancin gaske gare shi to daga Kolorado ya biyo mu. Daren nan kowane ƙaras sai in ɗaga labule. Sanyi kuma kamar tsakiyar hunturun Tawa, a ƙarshen Yuni. Waken da surukata ta ɗora tun la'asar har isha'i bai nuna ba, ta yi ta ba da haƙuri, sai mijinta ya ce ba laifinta ba ne: a tudu mai tsawon fiye da mita 2,300 ruwa na tafasa tun bai yi zafin da ya saba ba.

Beyar ɗaya muka gani, daga nesa, ta madubin hange na wani. Ɓauna kuwa har muka gaji. A kwarin Hayden garke ya hau kwalta ya tsaya, motoci suka yi layi wajen minti arba'in, babu mai hon, babu mai zagi. Wani namiji ya wuce dab da tagata, ƙaton kai, doro kamar tudu, gashi na zuba a kafaɗa kamar tsohon bargo. Babbansu na kai kilo 900, kuma duk nauyin nan yana gudun kilomita 55 a awa. An hana matsawa kusa da su ƙasa da mita 23, beyar da kyarkeci kuwa mita 91, kuma ma'aikatan gandun sun ce ɓauna ta fi kowace dabba raunata mutane a wurin, saboda masu son hoto. A da miliyoyi ne a ƙasar, aka yi ta harbe su a ƙarni na 19 har ya zama a farkon ƙarni na 20 'yan ashirin da wani abu suka rage a gandun. Yanzu dubbai ne. Ni dai idon ɗan kasuwa ba ya barin halinsa, na ce wannan in aka kai shi kara mutum bakwai ba su cinye shi a layya ba. Takwarana ya tambayi sunanta, na ce ɓauna. Ya yi ta fama da harafin farko har muka bar gandun.

Ƙasar wurin kuwa a kan wuta take zaune. Ko'ina tururi, ko'ina warin ruɓaɓɓen ƙwai, tafkuna masu launin shuɗi da ruwan goro suna tafasa, laka na ɓulɓula kamar talgen tuwo. An shimfiɗa gadojin katako, an hana sauka daga kansu, don ɓawon ƙasar siriri ne. Shahararriyar maɓuɓɓugar, Old Faithful, kusan duk awa ɗaya da rabi take tunkuɗo ruwan zafi sama, mita 30 zuwa sama da 50, har ana rubuta lokacin da ake sa ranta a allo. Mutane ɗaruruwa suka zauna a benci suna jira kamar masu jiran liman. Da ta taso aka yi ta tafi. Ni tsoro ne ya kama ni, ba tafi ba. Kuma tsorona bai zama na banza ba: ranar 23 ga Yuli, muna gida, ya turo mini bidiyon yadda wani tafki a Biscuit Basin ya fashe, ya watsa duwatsu da baƙar laka, ya farfasa gadar katakon da muka taka wata guda kafin nan. Allah ya kiyaye ba wanda ya ji rauni.

Daga can muka gangara ta Aidaho muka sami Juma'a a Salt Lake City, masallaci cike da Somaliyawa da 'yan Pakistan da Larabawa, muka sayi naman halal muka cika firiji. Bryce Canyon yini guda muka yi, jajayen duwatsu tsaitsaye kamar dubban gidajen gara. A Zion zafi ya dawo mana da hankalinmu gida. Hanyar shiga ta gabas ta bi ta cikin dutse, rami mai tsawon kusan kilomita 2 da aka gama a 1930, lokacin motoci ƙanana ne. Motarmu ta yi masa faɗi, sai da muka biya dala 15 aka tsayar da masu tahowa, muka bi ta tsakiyar titi mu kaɗai kamar gwamna. Hajiya ta wuni da ƙafafu cikin kogin Virgin, ta ce nan kam a bar ta.

Hanyar Grand Canyon ta ratsa ƙasar Nabaho. Agogon waya ya yi ta tsalle, ya ƙara awa ya rage awa, saboda jihar Arizona ba ta canza agogo da bazara, su Nabaho kuwa suna canzawa. A gefen titi na ga abin da na yi kewa tun Denba: rumfuna, da mata zaune da kayansu a tebur, sarƙoƙin azurfa da shuɗin dutse da tukwanen ƙasa. Na ce a tsaya. Wata tsohuwa ta faɗi kuɗin abin wuya, na taya, yarona ya taɓa ni wai ba a yi. Tsohuwar ta yi murmushi ta rage kaɗan, na ƙara kaɗan, muka daidaita, har ta yi wa Hafsa gyara da ɗan zobe. Kasuwa dai yarenta ɗaya. A hanyar ne kuma ya gaya mini cewa gandayen nan da yawa da mutanensu aka same su. Ƙabilar Habasupai suna noma a cikin kwazazzabon kafin a tashe su, sai a 2022 aka sa wa wurin sunansu. Wannan bai ba ni mamaki ba, amma ya sa na daina cewa ƙasar ba kowa.

Grand Canyon ba zan iya kwatanta shi ba, kuma hoto ƙarya yake yi masa. Kana tafiya cikin itatuwa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, kawai sai ƙasar ta ƙare. Tsawonsa kilomita 446, zurfinsa ya haura kilomita ɗaya da rabi, wani wurin faɗinsa ya kai kilomita 29, kogin Kolorado da ya haƙa shi kuwa daga sama kamar zare yake. Ranar da muka iso har lokacin maganata na bakina.

Washegari bayan asuba kowa ya koma barci, na ce masa ya raka ni. Muka taka a hankali daga zango zuwa bakin kwazazzabon, muka zauna a kan dutse, gari bai gama wayewa ba. Ban dube shi ba, shi ma bai dube ni ba, kuma ina jin da a ɗaki ne da ban iya ba. Na faɗa masa duka: gwiwa, rumfa, gida, mutanen Galmi da suka san mahaifina. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "Baba, ka gafarce ni, ba zan iya dawowa in zauna ba. Ban san albasa ba. Wannan aikin shi na iya, yaran kuma nan suka sani." Na yi tsammanin zan yi fushi. Na ji abin ya soke ni, amma fushin bai zo ba.

Can sai ya ce, "Ka tuna ran da na ɓuya a bayan kamyo?" Wallahi na manta, sai da ya faɗa. Yana ɗan shekara goma ya shige cikin tulin buhunan da babu komai, za mu tafi Galmi, ba a gan shi ba sai a Teciman. Na zane shi a gaban mutane, na sa shi a motar Kumasi, na ci gaba da tafiyata. Ya ce, "So nake in ga inda kake zuwa. Duk wata kana gida kwana biyar, sauran kana wani wuri da ban sani ba." Na ce ai don kada ya bar makaranta ne. Ya ce ya sani. Muka yi shiru har rana ta fito ta bugi bangon da ke tsallake, ya koma ja kamar garwashi. Da za mu tashi gwiwata ta ƙi, ya kama hannuna ya ɗaga ni, bai kuma sake shi ba har muka hau hanyar zango.

Sauran tafiyar ta Moab ce da gandun Arches, sannan muka tsallaka duwatsu muka koma Denba. Aka share mota, aka juye tankuna, wannan karon ina tsaye daga nesa, aka mayar wa masu ita. Takwarana ya hana a jefar da butar, tana ɗakinsa yanzu.

Da na dawo na kira ɗan ƙanena, wanda shekara tara yake bina yana ɗaukar jakata, na damƙa masa littafin bashi da mabuɗin rumfa. Da ma shi ya kamata tun farko, idona ne ke can wani wuri. Na kuma yi wani lissafi da ya ba ni kunya: na wuce mararrabar Fufulso sau ɗaruruwa, inda ake karkata zuwa Damango da gandun Mole mai giwaye, ban taɓa cewa direba ya juya ba. Raƙuman dawa na Kure, tsakanin Yamai da Dosso, na sha hango su daga saman kaya, abin da kawai nake dubawa shi ne kada su hau titi su ɓata mana lokaci.

Makon jiya ya kira yana tambayar yaushe kakar albasa ke buɗewa. Na ce wajen Maris. Ya ce zai nemi hutu ya zo da Abba, mu bi kaya tare. Na ce masa hanyar Burkina ba kamar da ba ce, ni kaina yanzu a Bawku nake tarbar kaya, in zai zo sai dai daga can zuwa Kumasi. Ya ce ya yarda. Na ce kuma gidan gaba na mai kaya ne, shi a kan buhuna zai kwana. Hajiya tana jin mu daga kicin ta ɗaga murya ta ce ɗanta dai ya hau in ya ga dama, amma jikanta ba zai hau bayan kamyo ba tana raye. Har yanzu ba mu gama wannan shari'ar ba.